Wakili a Ƙarshen Layi: Awon Kundin Ƙwarewar Na'ura Daga Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

A watan Oktoban 2025 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wani tsari na koya wa manhajar ƙirƙirarriyar basira sana'a, kafin shekarar ta ƙare kuma ya buɗe ƙa'idojinsa ga sauran kamfanoni. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Jaka ce a cikin kwamfuta, a cikinta akwai fayil mai suna SKILL.md wanda aka rubuta da harshen mutane na yau da kullum, wani lokaci tare da 'yan gajerun manhajoji da takardun ƙarin bayani. A goshin fayil ɗin ana sa suna da taƙaitaccen bayanin aikin da ya ƙunsa, a ƙasa kuma a jero yadda ake yin aikin daki-daki, kamar yadda maigida kan karanta wa sabon yaron shago. Manhajar da ke karanta rubutun ita ake kira wakili, domin ba ta tsaya ga amsa tambaya ba. Tana buɗe fayiloli, ta ba wasu na'urori umarni, ta duba abin da ya biyo baya, sannan ta zaɓi mataki na gaba da kanta. Shi kuwa rubutun, a wannan maƙala za a kira shi kundin ƙwarewa.

Daga cikin ayyukan da ake rubuta wa irin wannan kundi akwai girka tubalan da sauran manhajoji ke zaune a kai, wato tayar da sabar, babbar kwamfutar nan da wasu ke kira uwar garke, da shimfiɗa rumbun bayanai, da buɗe ko rufe ƙofofin sadarwa, da ɗora sabuwar manhaja a gurbin tsohuwa. Tun kafin zuwan wakilai injiniyoyi sun riga sun mayar da wannan aiki rubutu, ta hanyar kayan aiki irin su Ansible da ya fito a 2012 da Terraform da ya biyo baya a 2014. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne an sami wanda zai riƙe kayan aikin a madadin mutum. To, da me za a gane kundi mai kyau? Ana ɗaukar tambayar ta injiniyoyi ce kaɗai, alhali abin da ake aunawa matani ne, saƙo ne da aka ɗora wa ɗan aike. Manazarta harshe kuwa sun daɗe da sanin yawan hanyoyin da saƙo ke bi ya lalace tsakanin bakin mai aike da kunnen wanda aka aika.

Galibin masu rubuta waɗannan kundaye suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya yankewa, saboda haka awonsu yakan tsaya ga tambaya guda: shin aikin ya kammala? Wanda ya san arewacin Zamfara zai so a yi awon a wani wuri dabam. Ƙauran Namoda ƙarshen layi ce tun asali. A nan dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a 1929, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu. Daga Ƙaura hanyar mota ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi ta wuce Isa da Sabon Birni, ɗayar ta nufi Zurmi ta ɓulle Jibiya. A garin ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun 1983, tana yaye matasa masu difloma a fannoni da dama, ciki har da kimiyyar kwamfuta.

A ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan matasa a matsayin misali, domin ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a yankin. Yana da ɗan shago a Ƙaura. Shi ke kula da kwamfutocin wata makaranta a cikin gari, da na'urar lissafin kaya ta wani attajiri a Shinkafi, da ƙaramar sabar da wani asibitin kuɗi a Zurmi ke ajiye bayanan marasa lafiya. Attajirin yakan kira shi ya ce, "Injiniya, abin nan ya ƙi, ko za ka shigo ran Alhamis?" Shi kuma ya amsa, "Alhaji, bari in gwada daga nan tukuna." Wannan amsa ba ƙiwuya ba ce. Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, sai dai an yi karin maganar ne lokacin da abin da tafiya ke ci bai wuce guzuri da gajiya ba. A shekarun nan hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Ƙaura zuwa Zurmi sun yi ƙaurin suna wajen tare matafiya da satar mutane don kuɗin fansa. Duk aikin da matashin ya iya gamawa daga nesa tafiya ce ya hutar da kansa da mahaifiyarsa. Duk aikin da wakili ya ɓata har sai an je da ƙafa, tafiya ce aka ɗora masa. A wajensa ingancin kundi yana da ma'auni mai sauƙin faɗa: sau nawa zai sa shi shiga mota?

Gwajin farko da ya kamata a yi wa kowane kundi, saboda haka, shi ne a yanke layi aiki na tsaka. Mutanen Zamfara sun san yankewar layi fiye da kowa a ƙasar nan. A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a daidai lokacin da aka dakatar da kasuwannin mako, har da ta Alhamis a Shinkafi, aka kuma hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Ba wannan ce yankewar da ke faruwa kullum ba, amma ta nuna iyakar abin da zai iya faruwa. Ta kullum ita ce ta janareton turken waya da mansa ya ƙare, da batirin sola da ya yi sanyi bayan isha'i, da data da ta ƙare ana tsakiyar ɗora fayil.

Abin da yankewa ke yi wa aikin girki yana bukatar ɗan bayani. Terraform yana riƙe da wani littafi da yake rubuta duk abin da ya gina, kuma idan ya fara aiki yakan sa wa littafin kwaɗo domin kada wani ya taɓa shi a lokaci guda. Dabarar ta yi kama da ta layin dogo mai hanya ɗaya, inda direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai da sandar izini a hannunsa, sanda ɗaya ce kuma tak, don kada jirage biyu su yi karo. Idan layi ya yanke aiki bai ƙare ba, kwaɗon na iya zama a kulle, littafin kuma na iya cewa abu kaza babu shi alhali an riga an gina shi. Akwai umarnin ɓalle kwaɗo da ƙarfi, wakilin da aka ce masa kawai ya tabbatar aiki ya kammala kuwa zai ga ɓallewar ita ce hanya mafi kusa. Kundi nagari yakan hana shi. Zai ce masa ya fara duba abin da ke ƙasa a zahiri, ya kwatanta da abin da littafi ya ce, ya nuna wa mai shi bambancin, ya jira.

A nan ne kuma ake gane ko marubucin kundin ya san bambancin umarni iri biyu da kowace mai girki ta sani. Idan uwargida ta ce wa yarinya ta zuba gishiri cokali biyu a miya, aka kira ta waje, ta dawo ta manta ta sake faɗa, miyar ta lalace. Idan kuwa cewa ta yi a tabbatar gishirin miyar ya kai cokali biyu, ko sau goma ta maimaita ba abin da zai ƙaru. Ansible an gina shi ne a kan umarni iri na biyu, wanda ke faɗin yadda ake so abu ya kasance, ba abin da za a ƙara ba. Amma wakili yana da damar rubuta nasa umarnin kai tsaye, ya kuma fi saurin rubuta iri na farko idan ba a ja masa kunne ba. Mai awo sai ya cire wayar sadarwa a mataki na uku, ya mayar, ya ce wa wakilin ya ci gaba, sannan ya ƙirga: rumbu ɗaya aka samu ko biyu? Ya sake cirewa a mataki na bakwai. Kundin da bai tsallake wannan ba, kome kyan tsarinsa a ido, bai dace da Zurmi ba.

Doguwar yankewa kuma tana da nata ciwon. Shaidar tsaro da shafukan intanet ke amfani da ita tana da wa'adi, wadda hukumar Let's Encrypt ta daɗe tana bayarwa kyauta kuwa kwana 90 take yi, ana sabunta ta ta intanet. Daga 3 ga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba kusan mako 12 ne. Ke nan da wuya a sami shaidar da za ta tsallake irin wannan rufewa da ranta, ko da sabar na nan lafiya a ɗakin asibiti, ma'aikata kuma suna haɗuwa da ita ta wayar cikin gida. Sai su wayi gari manhaja na yi musu gargaɗin tsaro a kan na'urar da ke gabansu. Haka nan kundin da ke ɗaukar cewa kowane lokaci za a iya sauko da manhajoji daga Turai bai ji labarin 14 ga Maris, 2024 ba, ranar da igiyoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Legas ma suka ji a jikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a ga kundin ya tanadi ajiyar manhajoji a gida, ya kuma tambayi mai shi tun farko kwana nawa tsarin zai iya yi babu intanet.

Gwaji na biyu ya shafi iyakar wakilci, kuma a nan Bahaushe ba ɗan koyo ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Mukhtasar na Khalil ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun raba wakili gida biyu: wanda aka sakar wa ragama gaba ɗaya, da wanda aka keɓe wa aiki guda. Sun kuma ɗauki wakili a matsayin amintacce, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ba shi izini. A kasuwa ma haka abin yake. Dillalin da aka ba sa a kara ya san kuɗin da mai shi ya yanka masa, idan tayi bai kai ba ba ya cewa ya sallama, komawa yake ya tambaya. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan yadda cinikin shanu da goro na nesa ya rayu a kan irin wannan amana tsakanin fatoma da dillali da mai kaya. Sai dai akwai abin da ya raba dillali da wakilin na'ura. Dillali yana da suna da zai ɓaci da la'ada da zai rasa, shi ya sa yake taka-tsantsan. Na'ura ba ta da ko ɗaya. Idan ta ƙetare iyaka, ramuwar a kan matashin Ƙaura za ta faɗa, shi Alhaji ya sani.

Duniya ta riga ta ga misali. A watan Yulin 2025 wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan da Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, yake aiki da shi, bayan an gaya masa ƙarara kada ya canza kome. Daga baya wakilin ya ce ba za a iya maido da bayanan ba, sai ga shi an maido. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya ba da haƙuri, kamfanin kuma ya raba rumbun gwaji da rumbun aiki ta yadda wakili ba zai riƙa haɗa su ba. Gyaran da aka yi shi ne abin lura. Ba a ƙara wa wakilin wa'azi ba, an janye abin ne daga inda hannunsa ke kaiwa. Kamfanin Amazon ya yi makamancin haka bayan 28 ga Fabrairu, 2017, lokacin da wani ma'aikaci ya yi kuskuren shigar da umarni ya sauke sabobi fiye da yadda ya nufa, shafuka masu yawa suka tsaya na kusan awa huɗu. An gyara kayan aikin ne ta yadda ba zai yarda a sauke fiye da ƙima ba, ko wane ne ya ba da umarnin.

Abin da wannan ke nufi ga mai awo shi ne, kalmar "kada" a cikin kundi roƙo ce, ba katanga ba. Tana da amfani, kuma kundin da ba shi da ita ya gaza tun daga farko, amma kundin da ya fi shi ne wanda ke neman a ba wakili ƙaramin mabuɗi, wanda ke buɗe ɗakin da aikin yake kaɗai. Terraform ya raba aiki mataki biyu, na nuna abin da za a yi da na zartarwa, yana kuma da wata alama da ke tsallake neman amincewar mutum. Duk kundin da aka ga wannan alama a cikinsa ba tare da sharaɗi ba, ya mayar da keɓaɓɓen wakili sakakke ba da sanin mai shi ba. Akwai kuma wani nau'in kuskure da ya fi kowanne tsada a arewacin Zamfara, wato wakili ya rufe ƙofar da shi kansa ya shigo ta cikinta. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, yawancin Zamfara na cikin duhun sadarwa, wani umarni na gyara ya yanke cibiyoyin Facebook daga intanet, manhajar da ya kamata ta tare umarnin kuma tana da nata aibin. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, sai da aka tura injiniyoyi cibiyoyin da ƙafarsu. Su a kan titin Amurka suka bi. Idan wakili ya canza dokar ƙofar sabar asibitin Zurmi ya kulle kansa a waje, hanyar Zurmi ce ta rage. Kundin da ya san aikinsa yakan sa a ɗaura sharaɗi kafin taɓa ƙofa: in ba a tabbatar da canjin cikin 'yan mintuna ba, na'urar ta koma yadda take da kanta.

Sai batun harshe, wanda ya fi kusa da masu karanta wannan mujalla. Kusan duk kundayen da Ingilishi ake rubuta su, amma mai ba wakili umarni yana iya yi da Hausa, matashin Ƙaura kuwa sau da yawa saƙon Alhaji ko na ma'aikaciyar asibiti yake turawa yadda ya zo. A duba aikatau "kashe". Bahaushe yana kashe fitila, ya kashe kuɗi, ya kashe maciji. A wajen masu ba da hayar sabar ta intanet akwai umarni biyu mabambanta, ɗaya yana tsayar da na'ura a iya tayar da ita gobe, ɗayan yana hallaka ta, sau da yawa har da abin da ke cikinta. "Kashe sabar nan" ta ɗauki duka biyun. "Share" ta fi haɗari. Wanda ya ce "share wannan fayil ɗin" yana iya nufin a goge shi, yana kuma iya nufin a rabu da shi kada a kula shi, kamar yadda ake cewa a share mutum. Ma'anoni biyu ne masu kishiyantar juna a cikin kalma ɗaya, ɗan Adam yana raba su ta murya da yanayin zance, wakili kuwa haruffa kawai ya gani. Mai awo ya kamata ya jefa wa wakilin waɗannan jimloli da gangan. Amsar da ta ci jarrabawa ita ce tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Hausa ba raunin kawai take kawowa ba. Tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 ya nuna harshen yana ɗauke da bayanan da Ingilishi ke bari a buɗe. Giredi na shida yana nuna aiki ya nufo mai magana, na biyar yana nuna ya bar shi, na huɗu kuma sau da yawa yana nuna an yi shi ƙarƙaf. Tsakanin "aiko" da "aika", ko "ɗauko" da "ɗauke", wasali ɗaya ya faɗi inda kaya suka dosa da ko an bar saura. A aikin kwafar bayanai tsakanin na'urori biyu, rikita tushe da masauki yana nufin a shafe sabo da tsoho. Wakilin da ya fassara "kwaso" da "kwashe" da kalma ɗaya ya zubar da bayanin da mai magana ya riga ya ba shi kyauta. Wannan gwaji ne da injiniya shi kaɗai ba zai iya tsarawa ba, sai da wanda ya san nahawun.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke karya manyan tsare-tsare, wato haruffa masu lanƙwasa da alamar ɗauri. Sunan garin kansa ana rubuta shi Kaura Namoda, Kauran Namoda, Ƙauran Namoda, kuma a wajen rumbun bayanai garuruwa uku ne. Alamar da ke cikin Mu'azu da Sa'adatu da 'Yankaba ita ce dai wadda harsunan kwamfuta da dama ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi, saboda haka sunan mara lafiya ɗaya na iya tsinka umarni gida biyu idan ba a yi hattara ba. Rumbun da aka shimfiɗa da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma zai mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, ba kuma za a gane ba sai bayan watanni, lokacin da Ɗahiru ya zo karɓar sakamako aka rasa shi. A zuba irin waɗannan sunaye a bayanan gwaji tun ranar farko.

Ko taƙaitaccen bayanin da ke goshin kundi aikin harshe ne. Wakili ba ya karanta dukan kundayen da aka ba shi, sunayensu da bayanansu kawai yake gani da farko, daga nan ya yanke wanda zai buɗe. Bayanin da ya yi faɗi da yawa zai sa a buɗe kundin girki ana neman gyaran rubutu, wanda ya yi ƙunci kuma zai sa wakili ya shiga aiki mai haɗari kundin na ajiye bai taɓa shi ba. Ana gwada wannan da jerin buƙatu, wasu da ya kamata su tayar da kundin, wasu da bai kamata ba, a cikinsu har da na Hausa da na Hausar da aka gauraya da Ingilishi yadda matasa ke rubutawa a waya.

Game da ƙirga sakamako, abu biyu ne ake yawan sakaci da su. Na farko, wakili ba ya yin abu ɗaya sau biyu daidai wa daida, don haka nasara ɗaya ba hujja ba ce. Lissafin ma yana da ban tsoro. Idan kowane mataki yana fita daidai sau 95 cikin 100, aiki mai mataki 20 zai kammala babu kuskure sau 36 ne kawai cikin 100. Dole a maimaita gwaji sau da yawa, a kuma yi shi da kundin da kuma ba tare da shi ba, domin wani kundin ba abin da yake ƙarawa sai tsawon zance da kuɗin da za a biya, kuɗin kuwa da dala ne, dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Na biyu, ba a karɓar shaidar wakili a kan kansa. "An gama" magana ce mai daɗin ji. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a sabobi bakwai cikin takwas, aka manta ɗaya, ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kusan minti 45. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan GitLab ya goge rumbun da ke aiki yana zaton kwafin ne, da aka koma ga hanyoyin ajiya sai aka tarar yawancinsu sun daɗe ba sa aiki, bayanan kusan awa shida suka tafi. Mutane ne suka yi waɗannan, ba wakilai ba, amma ramin ɗaya ne. Mai awo shi zai leƙa kowace sabar da kansa, ya kuma ɗauki ajiyar da wakilin ya ce ya yi, ya tayar da ita a wata na'ura ya ga ko ta tashi.

Nauyin wannan ya dogara ga abin da ke cikin rumbun. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ba da rahoton cewa yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar da ta auna a ƙananan hukumomin biyu yana fama da tamowa. A irin wannan wuri bayanan ɗakin magani su ne nauyin yaro a makon jiya da na wannan mako, da adadin abincin magani da ya rage a sito. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, saboda haka ya kamata a duba ko kundin yana barin wakili ya kwashi sunayen marasa lafiya ko kalmomin sirri ya zuba a rahotonsa. Kundin da aka sauko da shi daga intanet kuma a karanta shi baƙi da baƙi kafin a ba shi mabuɗi, har da manhajojin da ke maƙale da shi, kamar yadda malamin zaure ba ya karantar da littafin da bai san daga hannun wa ya fito ba.

Akwai buƙata guda da ba kasafai ake ganinta a kundayen da aka rubuta a wasu ƙasashe ba, ita ce takardar miƙa aiki. Idan wakili ya gama, ya bar bayanin da bai wuce shafi ɗaya ba, da Hausa, wanda za a buga a manna a bango kusa da sabar: abin da aka canza da ranar da aka canza shi, inda ajiya take, wace waya ake cirewa da wadda ba a taɓawa, yadda ake kashe na'urar a kunna ta idan ta tsaya, da ranar da shaidar tsaro za ta ƙare. Hanyar gwada ta ita ce a miƙa wa ma'aikaciyar jinya ko yaron shagon Alhaji, a karɓe wayarsa, a kashe sabar, a ce ya tayar da ita.